WA'AZIN GIDA-GIDA DA HURUMIN MAI GIDA

1.0 GABATARWA

Manufar wannan maƙala ita ce ta yi bayani a kan wata matsala wadda ke tasowa duk lokacin da mai wa'azi ya bar masallaci ko majami'a ko dandali, ya bi mutane har ƙofar gidajensu. A wannan wuri haƙƙoƙi biyu ne suke karo da juna. Na farko shi ne haƙƙin mutum ya bi addininsa, ya kuma kira wasu zuwa gare shi. Na biyu shi ne haƙƙin mutum a bar shi ya sake a cikin gidansa, ba tare da an kutsa masa ko an tona asirin iyalinsa ba. Dukansu biyu suna cikin Sanarwar Haƙƙin Ɗan'adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948, a sashe na 18 da na 12. Haka kuma suna maƙwabtaka da juna a cikin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, inda sashe na 37 ya kare sirrin ɗan ƙasa da gidansa da wasiƙunsa, sashe na 38 kuwa ya ba shi 'yancin bin addini da yaɗa shi.

Za a fara da bayyana ma'anar kalmomi da kuma masu yin irin wannan wa'azi. Sa'an nan a duba hukunce-hukuncen kotunan Amurka da na Turai, domin a can ne aka fi yin ja-in-ja a kan batun har ya zama rubutacciyar doka. Daga nan sai a waiwayo gida, a ga yadda ginin gidan Bahaushe da ladubban sallama suka daɗe da tanadin magani. Abin da ake son nunawa shi ne, ikon buɗe ƙofa da rufe ta a hannun mai gida ya kamata ya tsaya, kuma a yau wannan iko ya shafi har abin da baƙo zai rubuta game da gidan bayan ya tafi.

2.0 MA'ANAR KALMOMI

Wa'azin gida-gida, a wannan maƙala, yana nufin mutum ya je gidan wanda bai gayyace shi ba, sau da yawa ma bai san shi ba, da niyyar yi masa kira zuwa ga wani addini ko wata aƙida, ko tunatar da shi addinin da yake kai. Wannan ya bambanta da malamin da mai gida ya ɗauko don ya koyar da iyalinsa, ya kuma bambanta da nasihar da ɗan'uwa ke yi wa ɗan'uwansa.

Hurumin gida kuwa ya ƙunshi abubuwa uku. Akwai hurumin wuri, watau kada a shiga sai da izini. Akwai hurumin lokaci, watau kada a tashi mutum daga barcinsa ko a katse masa sha'aninsa. Akwai kuma hurumin labari, wanda Hausawa ke kira rufin asiri, watau kada abin da ke cikin gida ya fita waje ba da yardar masu shi ba.

3.0 MASU WA'AZIN GIDA-GIDA

Ƙungiyar da ta fi shahara da wannan aiki a duniya ita ce ta Shaidun Jehobah. Asalinta daga wani rukunin masu nazarin Littafi Mai Tsarki ne wanda Charles Taze Russell ya tara a jihar Pennsylvania ta Amurka cikin shekarun 1870. Ya fara buga mujallarsu a 1879, wadda ake fassarawa da Hausa da sunan Hasumiyar Tsaro, sunan da ake kiransu da shi yanzu kuwa sun ɗauke shi a 1931. A wurinsu bin gidaje ibada ce da ta hau kan kowane mabiyi, suna kafa hujja da Ayyukan Manzanni 5:42 da 20:20. Sun dakatar da shi a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, suka koma a watan Satumba na 2022. Ikilisiyar da aka fi sani da Momon ita ma takan tura samari biyu-biyu su yi shekara biyu suna wannan aiki.

A ɓangaren Musulmi akwai Jama'atut Tablig, wadda Maulana Muhammad Ilyas ya kafa a yankin Mewat na ƙasar Indiya cikin shekarun 1920. 'Yan wannan ƙungiya sukan sauka a masallacin unguwa na kwana uku ko arba'in ko wata huɗu. Daga nan sai su fita zagaye su kaɗan, tare da ɗan unguwa mai yi musu jagora, su tsaya a ƙofar gida su nemi magidanci, su gayyace shi masallaci. Galibi kiransu ga Musulmi ne, kuma a ƙofa suke tsayawa.

Hujjar masu wannan hanya ba ta da wuyar ganewa. Akwai tsoho da mara lafiya da wanda aiki ya tsare da wanda kunya ke hana shi zuwa wurin taro, waɗanda ba za su ji kira ba sai an je musu. Haka kuma hanya ce ta wanda ba shi da kuɗin sayen lokaci a rediyo ko gina babban ɗakin ibada.

4.0 HUKUNCE-HUKUNCEN KOTU

4.1 Amurka

Cikin shekarun 1930 garuruwa da yawa a Amurka sun yi dokokin taƙaita masu ƙwanƙwasa ƙofa. Wasu an yi su ne don 'yan talla, kamar ta garin Green River ta 1931, wasu kuwa da Shaidun Jehobah aka nufa. Su kuma suka riƙa kai ƙara har Kotun Ƙoli. A 1938, a shari'ar Alma Lovell da garin Griffin, kotu ta soke dokar da ta ce sai da rubutaccen izinin shugaban gari za a raba ƙasidu. A 1943, a shari'ar Murdock, ta soke harajin da wani gari ya ɗora wa masu bin gidaje da littattafan addini.

Shari'ar da ta fi muhimmanci ga wannan maƙala ita ce ta Thelma Martin da garin Struthers na jihar Ohio, ita ma a 1943. Struthers gari ne na masana'antar ƙarfe, kuma ma'aikata da yawa da dare suke aiki, su yi barci da rana. Saboda haka hukumar garin ta hana kowa buga ƙararrawar ƙofa ko ƙwanƙwasawa don miƙa takarda. Ashe ke nan dokar tana da dalili mai ƙarfi, watau hurumin lokaci. Duk da haka kotu ta soke ta. Alƙali Hugo Black, wanda ya rubuta hukuncin, ya nuna cewa hukuma ta ɗauki wani iko wanda na mai gida ne, ta yanke wa kowa da kowa shawara, har da wanda yake son jin abin da aka zo da shi. Ya kuma nuna mafita: hukuma tana iya hukunta duk wanda ya zo gidan da mai shi ya riga ya bayyana cewa ba ya son a zo masa.

An sake komawa kan batun a 2002, a shari'ar ƙungiyar Shaidun da ƙauyen Stratton, mai mutane ƙasa da ɗari uku. Dokar ƙauyen ta ce duk mai son bin gidaje sai ya yi rajista a ofishin magajin gari. Alƙalai takwas cikin tara suka soke ta, suka ce alamar hana zuwa da mai gida zai liƙa a ƙofarsa, tare da ikonsa na ƙin sauraro, sun isa kariya. Babban Alƙali William Rehnquist ne kaɗai ya saɓa. Ya kawo misalin wasu malaman jami'a biyu, mata da miji, waɗanda aka kashe a gidansu a 2001, bayan wasu samari sun shiga da sunan suna tambayoyin bincike. Wannan saɓani nasa abin lura ne, domin ya tuna mana cewa ba kowane mai sallama ne mai niyyar alheri ba.

4.2 Girka da Rasha

A ƙasar Girka akwai doka tun 1938 wadda ta haramta jan mutum daga addininsa. A 1986 wani dattijo mai suna Minos Kokkinakis da matarsa suka shiga wani gida a garin Sitia na tsibirin Kirit, suka yi wa matar gidan wa'azi. Mijinta, wanda mai jan waƙa ne a majami'ar Otodoks, ya kira 'yan sanda, aka kama su, aka yanke wa dattijon hukunci. A 1993 Kotun Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai ta ce an tauye masa haƙƙi. Amma ta bambanta kira na gaskiya da kira na cin zarafi, wanda ya haɗa da kwaɗaitarwa da abin duniya da matsa wa wanda ke cikin ƙunci ko buƙata. Na biyun hukuma tana iya hana shi.

Ƙasar Rasha kuwa ɗaya gefen ta bi. A 2016 ta yi dokar da ta hana aikin mishan a cikin gidajen kwana, a 2017 kuma Kotun Ƙolinta ta haramta ƙungiyar Shaidun ɗungurungum. A nan hukuma ce ta rufe ƙofar, mai gida bai da ta cewa.

4.3 Littafin mai wa'azi

Shari'o'in da aka ambata duk a kan shigowa suke. A ƙasar Finlan sai aka sami wadda ta shafi abin da baƙo ke fita da shi. Masu wa'azi sukan rubuta sunan wanda suka ziyarta da adireshinsa, wani lokaci har da addininsa da halin iyalinsa, don su tuna idan sun komo. Akwai kuma jerin gidajen da suka ce kada a sake zuwa musu. A 2013 hukumar kare bayanai ta ƙasar ta hana tara irin wannan labari ba tare da cika sharuɗɗan doka ba. A 2018 Kotun Tarayyar Turai ta ce wannan rubutu ya wuce sha'anin mutum shi kaɗai, kuma ƙungiyar da ta tsara aikin tana da alhaki tare da mabiyanta. A 2023 Kotun Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai ta tabbatar cewa neman yardar mai gida kafin a rubuta labarinsa bai tauye 'yancin addini ba. Da wannan hukunci hurumin labari ya sami matsayi ɗaya da hurumin wuri.

5.0 ZAURE DA SALLAMA

5.1 Ginin gida

Idan muka dubi gidan Bahaushe na gargajiya, za mu ga cewa magina sun amsa wannan tambaya da tubali tun kafin alƙalai su amsa ta da alƙalami. Gida yakan kasu kashi-kashi. Akwai zaure, wanda Kanawa ke kira soro, inda mai gida ke karɓar baƙi maza. Bayansa akwai filin ƙofar gida da shigifa, inda na kusa kaɗai ke kaiwa. Sa'an nan cikin gida, inda ɗakunan mata da turaka suke. Sau da yawa ƙofar ciki ta zaure ba ta fuskantar ta waje, don kada idon mai wucewa ya zarce tsakar gida. A wasu gidajen har rubutawa ake yi a bango, "Ba a shiga".

Baƙo namiji yakan tsaya a waje ya yi sallama, ko ya aiki yaro ya ce ana sallama da mai gida. Mai gida yana iya fitowa, yana iya cewa a dakata, yana kuma iya ba da uzuri. Ko ya fito, shi ke zaɓar ko a tsaya a tsaye, ko a shimfiɗa tabarma. Amfanin zaure ke nan: ya ba Bahaushe damar cika haƙƙin baƙunta, wanda yake girmamawa har yana cewa baƙonka annabinka, ba tare da ya buɗe asirin iyalinsa ba.

Wajibi ne kuma a lura cewa wa'azi a ƙasar Hausa bisa al'ada yana da wurarensa: masallaci da bakin kasuwa da ƙofar fada da wurin tafsirin azumi da zauren malam. Mai neman ilmi shi ke zuwa wurin malami. Wannan ne ya sa mutane da yawa ke ganin wa'azin gida-gida baƙon abu.

5.2 Koyarwar addini

Wannan tsari yana da tushe a shari'ar Musulunci. Aya ta 27 da ta 28 ta Suratun Nur sun hana shiga gidan wani sai an nemi izini an yi sallama, sun kuma umarci wanda aka ce ya koma da ya koma, suka nuna hakan ya fi masa tsarki. Aya ta 58 ta keɓe lokuta uku waɗanda ko yaran gida sai sun nemi izini: kafin sallar asuba, da lokacin ƙailula, da bayan sallar isha'i. Aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta hana binciken asirin mutane. Hadisin Abu Musa al-Ash'ari kuma ya iyakance neman izini ga sau uku, wanda ba a amsa masa ba sai ya juya. Ga hurumin wuri da na lokaci da na labari duka a jere. Malamai ba su ce ladan wa'azi ya ɗauke wa mai wa'azi waɗannan sharuɗɗa ba.

A ɓangaren Kirista ma, nassin da ya aiki almajirai zuwa gidaje, watau Matiyu sura ta 10 da Luka sura ta 10, shi ne ya umarce su da su fara da sallama, su kuma bar wurin da ba a karɓe su ba. Saboda haka naci a ƙofar wanda ya ƙi ba shi da madogara a addinan biyu.

5.3 Matsayin mata

Akwai tambaya mai nauyi a nan. In an ce iko na mai gida ne, ina matsayin sauran mutanen gidan, musamman matan kulle? Ganuwar da ke kare su daga idon baƙo tana iya tsare su daga ilmi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lura da wannan, ya kuma soki malaman zamaninsa a littafinsa Nurul Albab saboda barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci alhali suna koyar da ɗalibai a waje. 'Yarsa Nana Asma'u (1793–1864) ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda dattijan mata da ake kira jaji suke zuwa wurinta su ɗauki karatu cikin waƙoƙi, su kai wa mata a garuruwansu. Hikimar tsarin ita ce an zaɓi mutanen da al'ada ta riga ta ba su izinin shiga, kamar yadda ungozoma da mai kitso da dillaliya suke shiga. Ilmi ya isa tsakar gida, hurumi kuma bai ɓaci ba.

6.0 SAUYE-SAUYEN ZAMANI

Abubuwa uku sun raunana wannan tsohon tsari. Na farko shi ne ginin zamani. A gidajen haya na ɗaki-ɗaki da benaye da rukunin gidajen ma'aikata babu zaure. Wanda ya ƙwanƙwasa, da an buɗe masa sai falo, kuma sau da yawa mace ce ko yaro ke buɗewa yayin da mai gida yana wurin aiki. Na biyu shi ne cuɗanya. A unguwannin birane irin su Kaduna da Jos da Abuja, Musulmi da Kirista da mabiya ƙungiyoyi daban-daban suna zaune bango ɗaya, kuma a inda aka sha rikicin addini ƙaramar magana a ƙofar gida tana iya zama babba. Na uku shi ne wayar hannu. Abin da a dā ake rubutawa a ɗan littafi, yanzu ana iya ajiye shi a waya, a tura wa mutum ɗari cikin ƙiftawar ido. Zaure ba ya tare wannan.

Dokar ƙasa ta tanadi wani abu. Kundin laifuffuka na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya hukunta shiga haddin wani ko ƙin fita da niyyar tsoratarwa ko cin mutunci ko ɓata rai. Sashe na 45 na Tsarin Mulki ya yarda a taƙaita 'yancin addini don kiyaye zaman lafiya da haƙƙin wasu. Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta sanya addinin mutum cikin bayanan da ake tsananta kiyaye su. Sai dai kafin a kai ga doka akwai kunya. Bahaushe yana jin nauyin korar baƙo, musamman mai ambaton Allah, sai ya zauna yana sauraro ransa ba ya so. Mai wa'azin da ya ɗauki wannan kawaici a matsayin izini ya ci amanar baƙunta.

7.0 KAMMALAWA

Daga abin da ya gabata an ga cewa hukuncin Struthers da zauren Bahaushe da ayoyin Suratun Nur sun haɗu a wuri ɗaya. Mai wa'azi yana da damar zuwa ƙofa ya yi sallama, mutanen gida suna da damar amsawa ko ƙi, hukuma kuwa aikinta shi ne ta tsare wa kowannensu damarsa. Bisa wannan ake ba da waɗannan shawarwari:

(a) Ƙungiyoyin addini su koya wa wakilansu su bayyana sunansu da ƙungiyarsu da abin da ya kawo su tun a farkon magana, su guji lokutan hutu da na abinci, kada kuma su koma gidan da aka ce kada su koma.

(b) Kada namiji ya shiga wurin mata, kada kuma a yi wa yara ƙanana wa'azi a bayan idon iyayensu. Inda ake son isa ga mata, a tura mata, da sanin mutanen gidan.

(c) Kada a rubuta sunan kowa ko addininsa ko halin gidansa sai da yardarsa, kada kuma a haɗa kira da kyauta ga wanda buƙata ta matsa.

(d) Masu unguwanni da shugabannin masallatai da majami'u su tsara wa unguwarsu ƙa'idar da kowa ya sani, wadda za ta hau kan kowace ƙungiya daidai wa daida.

(e) Masu zanen gidaje su mayar da zaure, ko abin da zai tsaya a madadinsa, cikin gidajen da ake gina wa jama'a.

(f) Kwalejojin ilmi su sanya ladubban neman izini cikin darussan addini da na zaman jama'a, domin malaman da muke yayewa su ne za su koya wa yara yadda ake sallama da yadda ake ba da uzuri cikin mutunci.

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. Wanda ya zo da kiran Allah shi ya fi cancanta ya riƙe wannan magana, domin yadda ya tsaya a ƙofa da yadda ya juya in an ba shi uzuri su ne abin da mutanen gida za su fara aunawa kafin su saurari abin da ya zo da shi.